Yadda ake haɗa suwic biyu su riƙe ƙofar fita ɗaya da HSRP ko VRRP

Kowace kwamfuta da ke kan netwok adireshin ƙofar fita guda ɗaya ta sani. Duk saƙon da zai bar VLAN ɗinta, wato sashen netwok da aka keɓe ta a ciki, ko intanet zai je ko sabar da ke wani sashe, wannan adireshin take miƙa wa. Ranar da na'urar da ke riƙe da shi ta mutu, kwamfutar za ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a bayanta, ko da kuwa akwai wani suwic lafiyayye a gefe wanda aka saya da kuɗi masu yawa domin irin wannan ranar. Sayen suwic na biyu bai isa ba, sai an koya musu yadda za su riƙe adireshi ɗaya tare, ɗaya yana aiki, ɗaya yana jiran gado.

Wannan shi ne aikin HSRP da VRRP. HSRP na kamfanin Cisco ne, an wallafa bayaninsa a RFC 2281, ɗaya daga cikin takardun da ke bayyana tsare-tsaren intanet, a shekarar 1998. VRRP kuwa na kowa ne: sigarsa ta 2 tana cikin RFC 3768 na 2004, ta 3 mai ɗaukar IPv6 ta fito a RFC 5798 na 2010, wanda RFC 9568 na 2024 ya maye gurbinsa. Idan duka na'urorinka Cisco ne, HSRP ya wadatar. Idan gauraye ne, Cisco a nan, Huawei ko MikroTik a can, VRRP kaɗai ne harshen da dukansu ke ji. Zan bi aikin da HSRP a kan suwic ɗin Catalyst guda biyu, daga baya in nuna inda VRRP ya sha bamban.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashi

Kowane suwic yana da nasa adireshin na ƙashin kansa a cikin VLAN. Sai a ƙirƙiro na uku, adireshin gamayya, wanda shi ake bai wa kwamfutoci. Wannan adireshin yana tafe da nasa adireshin MAC na gamayya, wato lambar da suwic ke bi wajen kai saƙo ga na'ura a cikin VLAN, kuma a nan dabarar take. A HSRP siga ta 2, rukuni mai lamba 10, wato suwic ɗin da aka haɗa su riƙe adireshi ɗaya a ƙarƙashin lamba 10, yana samun 0000.0c9f.f00a, inda 00a ɗin ƙarshe shi ne 10 a lissafin heks. Idan ragama ta koma hannun suwic na biyu, da IP ɗin da MAC ɗin duk suna bin sa, don haka kwamfuta ba ta ma san an yi canji ba. Sabon mai riƙon yana shelanta kansa da saƙon ARP, mai faɗin MAC ɗin da ke riƙe da wani IP, ƙananan suwic ɗin da ke tsakani su gyara teburinsu, aiki ya ci gaba.

Su biyun suna yi wa juna sallama duk bayan daƙiƙa 3. Idan mai jiran gado ya yi daƙiƙa 10 bai ji sallamar mai riƙo ba, sai ya ɗauka ya mutu, ya hau kujera. Wanda lambar fifikonsa ta fi girma shi ke riƙo. Kowa da 100 yake farawa, idan kuma suka yi kunnen doki a lokacin zaɓe, mai adireshin IP mafi girma ke ci.

Mataki na 1: ka fara da takarda da biro

Kafin ka taɓa kwansol, rubuta tsarin. Namu zai kasance haka: VLAN 10 na ma'aikata, 10.10.10.0/24. Adireshin gamayya 10.10.10.1, suwic na farko, SW1, yana da 10.10.10.2, na biyu, SW2, yana da 10.10.10.3. VLAN 20 na ɗakin kwamfutoci, 10.10.20.0/24, da irin wannan rabon. SW1 zai riƙe VLAN 10, SW2 ya riƙe VLAN 20, kowanne kuma ya zama mai jiran gadon ɗan'uwansa. Ta haka ba wanda zai zauna yana cin wuta a banza.

Ina ba da shawarar lambar rukuni ta zama daidai da lambar VLAN. Ba wajibi ba ne, amma da tsakar dare idan aka tashe ka a waya za ka gode wa kanka. Siga ta 1 tana tsayawa ne a rukuni na 255, ta 2 kuwa tana kaiwa 4095, shi ya sa ta 2 ta fi dacewa da wannan tsarin.

Idan netwok ɗin yana aiki tun da can kuma 10.10.10.1 yana kan tsohon suwic, kada ka canja wa kwamfutoci komai. Mayar da tsohon adireshin ya zama na gamayya, ka bai wa suwic ɗin sabo. Amma wannan canjin zai katse aiki na ɗan lokaci, kuma idan ta wannan adireshin ka shiga na'urar zai jefo ka waje. A yi shi bayan an tashi aiki, da kebul ɗin kwansol a hannu.

Mataki na 2: hanyar da ke tsakaninsu

Sallamar HSRP ba ta ƙetare VLAN. Dole SW1 da SW2 su ga juna a cikin kowane VLAN da ke da rukuni. Mafi kyau a ɗaure kebul biyu su zama hanya ɗaya, a duka suwic ɗin:

```
ip routing
vlan 10,20
interface range GigabitEthernet1/0/23-24
 switchport mode trunk
 channel-group 1 mode active
interface Port-channel1
 switchport mode trunk
 switchport trunk allowed vlan 10,20
```

Duba da `show interfaces trunk` ka tabbata 10 da 20 sun bayyana a ɓangarorin biyu. Gargaɗi ɗaya: ranar da za ka ƙara VLAN 30, rubuta `switchport trunk allowed vlan add 30`. Idan ka manta kalmar `add`, jerin gaba ɗaya zai goge ya bar 30 kaɗai.

Mataki na 3: kafa rukunin

A SW1:

```
interface Vlan10
 ip address 10.10.10.2 255.255.255.0
 standby version 2
 standby 10 ip 10.10.10.1
 standby 10 priority 110
 standby 10 preempt
 no shutdown
```

A SW2:

```
interface Vlan10
 ip address 10.10.10.3 255.255.255.0
 standby version 2
 standby 10 ip 10.10.10.1
 standby 10 preempt
 no shutdown
```

VLAN 20 haka za a yi masa, sai dai 110 ɗin ya koma SW2. Layin `standby version 2` ya kasance a ɓangarorin biyu, domin siga ta 1 tana aika sallamarta zuwa 224.0.0.2, ta 2 kuma zuwa 224.0.0.102. Duk da cewa fot ɗin UDP ɗinsu ɗaya ne, 1985, ba sa jin juna.

Yanzu `show standby brief`. A SW1 ya kamata ka ga rukuni na 10 a matsayin Active, da 10.10.10.3 a gurbin mai jiran gado. Idan duka biyun suka ce su ne Active, kowanne kuma ya rubuta unknown a gurbin ɗan'uwansa, to ba a sarki biyu a gari ɗaya: sallama ba ta isa. Koma ka duba ko VLAN ɗin yana cikin jerin hanyar tsakani, ko sigogin sun yi daidai, ko wata dokar tacewa ta tare 224.0.0.102. Kusan kullum a cikin ukun nan matsalar take.

Kalmar `preempt` ita ce izinin karɓe ragama. HSRP ba ya kunna ta da kansa. In babu ita, SW1 da ya mutu ya dawo zai tarar SW2 a kan kujera ya zauna shiru, duk da 110 ɗinsa. Na sa ta a SW2 ma, kuma dalilin zai bayyana a mataki na gaba.

Mataki na 4: sa ido a kan hanyar sama

Nan ne mafi yawan tsare-tsaren da na gani suke da rami, kuma nan nake so mai karatu ya daɗe. HSRP tambaya ɗaya yake yi: ɗan'uwana yana da rai? Ba ya tambayar ko ɗan'uwan yana da hanyar fita. A ce kebul ɗin da ya haɗa SW1 da rautar sama ya tsinke, ko ɓera ya ci shi a silin. SW1 yana nan da ransa, fitilunsa kore, yana sallama duk daƙiƙa 3. SW2 ba shi da dalilin motsawa. Kwamfutoci suna ta miƙa wa SW1 saƙonni, shi kuma idan tsayayyar hanya ɗaya tak aka rubuta masa zuwa sama, zubar da su zai yi. Suwic yakan daɗe bai mutu ba, amma kebul da na'urar mai ba da intanet su ne suka fi yawan ba da matsala.

Maganin shi ne a ɗaure lambar fifiko da lafiyar hanyar sama. A SW1:

```
track 1 interface GigabitEthernet1/0/48 line-protocol
interface Vlan10
 standby 10 track 1 decrement 20
```

Idan fot na 48 ya faɗi, 110 zai koma 90. SW2 mai 100 ya fi shi, sai ya karɓa. Abubuwa biyu ke ɓata wannan. Na farko, ragin da ake samu idan ba ka rubuta adadi ba 10 ne kawai: 110 ya koma 100, an yi kunnen doki, kuma mai jiran gado ba ya ƙwace ragama sai ya fi mai riƙo a zahiri. Ragin dole ya zarce tazarar da ke tsakaninsu. Na biyu, idan SW2 ba shi da `preempt`, ko SW1 ya sauka zuwa 1 ba zai motsa ba, tunda har yanzu yana jin sallama.

Duk da haka fot na iya kasancewa a kunne alhali abin da ke bayansa ya mutu. Ana yawan ganin haka inda akwai ƙaramin akwatin da ke juya faiba zuwa kebul ɗin tagulla, ko rediyo a saman hasumiya: ɓangarenka yana haske, can gaba babu komai. Don haka ya fi kyau suwic ya riƙa taɓa wani adireshi da kansa:

```
ip sla 1
 icmp-echo 10.0.0.1 source-interface GigabitEthernet1/0/48
 frequency 5
ip sla schedule 1 life forever start-time now
track 2 ip sla 1 reachability
 delay down 10 up 30
interface Vlan10
 standby 10 track 2 decrement 20
```

A nan 10.0.0.1 shi ne adireshin rautar sama a wannan hanyar, fot na 48 kuma an mai da shi mai adireshin kansa da `no switchport`. Zaɓi adireshin da ba a isa gare shi sai ta hanyar da kake son gwadawa. Idan saƙon gwajin zai iya zagayawa ta SW2 ya isa, amsa za ta riƙa dawowa kullum, ka yi ta samun labarin lafiya na ƙarya. Layin `delay` kuma yana hana ragama yawo tsakanin suwic biyu duk lokacin da fakiti ɗaya ya ɓata, abin da hanyar rediyo ke yi sosai da damina.

A tuna kuma cewa HSRP fita kawai ya sani. Amsar da ke dawowa daga sama tana buƙatar sanin ta inda za ta shigo. Idan rautar sama tsayayyar hanya gare ta zuwa SW1, kwamfutoci za su fita ta SW2 amma amsarsu ta mutu a ƙofar SW1. Mafi sauƙi a kunna OSPF, tsarin da na'urori ke sanar da juna hanyoyi da kansu, tsakanin suwic biyun da rautar, a sa VLAN ɗin masu amfani su zama `passive-interface`, ta yadda hanyar dawowa za ta gyara kanta.

Mataki na 5: ranar da wuta ta dawo

A wuraren da wuta ba ta ƙiftawa, mutuwar suwic da tashinsa abu ne na shekara-shekara. A wajenmu, tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta da batirin UPS da ya gaji, abu ne na mako-mako. Shi ya sa wannan matakin ya fi mana muhimmanci.

Lokacin da SW1 ya tashi, VLAN ɗinsa yakan riga teburin hanyoyinsa shiri. Da `preempt` tsagwaronta, zai ƙwace ragama nan take alhali OSPF bai gama gaisawa da maƙwabtansa ba. Sakamakon shi ne a samu katsewa sau biyu: ɗaya da ya mutu, ɗaya da ya dawo. Sai a sa masa haƙuri:

```
interface Vlan10
 standby 10 preempt delay minimum 30 reload 120
```

Wato ya jira daƙiƙa 30 kafin karɓa a kowane hali, 120 kuma idan daga kunnawa ya taso. Auna lokacin da na'urarka ke ɗauka kafin hanyoyinta su cika, ka ƙara wani abu a kai. Wannan jinkirin bai shafi ranar da mai riƙo ya mutu gaba ɗaya ba, a nan wa'adin daƙiƙa 10 ne ke aiki. Amma ya shafi karɓar da ke biyo bayan ragin fifiko, don haka a suwic mai jiran gado kada `minimum` ya yi tsawo, in ba haka ba tsinkewar kebul za ta ci dogon lokaci kafin a karɓa.

Na taɓa zuwa wata makaranta da aka tsara mata HSRP tsaf, babu kuskure ko a layi ɗaya, sai na tarar suwic biyun a jone da soket ɗaya, a bayan UPS ɗaya. Duk wahalar da aka sha ta rataya ne a kan fis guda. Kowane suwic ya samu nasa UPS ɗin, in da hali ma layin wutarsu ya bambanta. Kuma bayan kowane gyara a rubuta `copy running-config startup-config`, domin abin da ba a adana ba ɗauke wuta ta farko za ta tafi da shi.

Mataki na 6: STP ya bi sahun HSRP

Ƙananan suwic ɗin da kwamfutoci ke jone da su yawanci kebul biyu gare su, ɗaya zuwa SW1, ɗaya zuwa SW2. STP, tsarin da ke hana saƙo zagaye tsakanin suwic, zai toshe ɗaya. Idan tushen STP na VLAN 10, wato suwic ɗin da ake barin hanyoyin zuwa gare shi a buɗe, ya faɗa kan SW2 alhali ƙofar fita tana SW1, kowane saƙo sai ya hau SW2, ya ratsa hanyar tsakani, sannan ya isa ƙofa. Aiki zai yi, amma hanyar tsakani za ta cika ba gaira ba dalili. A SW1:

```
spanning-tree mode rapid-pvst
spanning-tree vlan 10 root primary
spanning-tree vlan 20 root secondary
```

A SW2 a juya su.

Mataki na 7: DHCP, kulle da agogo

DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, ya riƙa raba 10.10.10.1 a matsayin ƙofar fita, kuma a cire 10.10.10.1 zuwa 10.10.10.3 daga adireshin da yake rabawa. Idan sabar DHCP tana wani VLAN, `ip helper-address` ya kasance a duka suwic biyun. Na'urorin da aka rubuta wa adireshi da hannu, firinta da kyamarori da injin ɗaukar yatsa, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda aka bai wa 10.10.10.2 a matsayin ƙofa ba ta cikin wannan kariyar.

Kalmar sirrin da HSRP ke zuwa da ita "cisco" ce, a fili take tafiya. Duk wanda ya jona kwamfuta a VLAN ɗin zai iya shelar fifiko 255 ya janye zirga-zirgar kowa ta wajensa. A rufe wannan a ɓangarorin biyu da kalma iri ɗaya:

```
 standby 10 authentication md5 key-string KALMARKA
```

Tsakanin sa ta a na farko da sa ta a na biyu, su biyun za su daina amincewa da juna, don haka a yi da sauri, ba kuma a tsakiyar aiki ba.

Daƙiƙa 10 ta yi wa kiran murya tsawo. `standby 10 timers 1 3` yana mai da sallama duk daƙiƙa 1, wa'adi 3. Ana iya sauka ƙasa da daƙiƙa da `msec`, amma ban cika son haka a tsofaffin na'urori ba: da zarar aiki ya yi wa kwakwalwar suwic yawa sallama ta makara, sai a yi juyin mulki ba tare da kowa ya mutu ba.

Idan VRRP ne

Tunanin ɗaya ne, bambancin kaɗan ne amma yana cizo. VRRP yana zuwa da izinin karɓe ragama a kunne. Mai riƙo kaɗai ke magana, duk daƙiƙa 1, zuwa 224.0.0.18, da lambar furotokol 112 maimakon UDP. Mai jira yana haƙurin ninki 3 na wannan da ɗan ƙari da ya dogara da fifikonsa, wajen daƙiƙa 3.6 ga mai 100. Lambar rukuni daga 1 zuwa 255 ce, MAC ɗin rukuni na 10 kuma 00-00-5E-00-01-0A. Ana iya mai da ainihin adireshin wata na'ura ya zama na gamayya, sai ta samu fifiko 255, amma ka guji haka, domin ba a rage fifikon mai adireshi, sa idon mataki na 4 ba zai yi aiki ba. Siga ta 3 ba ta da kalmar sirri ko kaɗan, kariyarta sai ta tacewa a fot ɗin masu amfani.

A Cisco mai siga ta 3:

```
fhrp version vrrp v3
interface Vlan10
 vrrp 10 address-family ipv4
  address 10.10.10.1 primary
  priority 110
```

A Huawei:

```
interface Vlanif10
 vrrp vrid 10 virtual-ip 10.10.10.1
 vrrp vrid 10 priority 110
 vrrp vrid 10 preempt-mode timer delay 30
```

Ana dubawa da `show vrrp brief` a Cisco, `display vrrp brief` a Huawei. Idan kamfanoni biyu ne, tabbatar sigar da tazarar sallama sun yi daidai, domin ba kowane kamfani ke farawa da siga ɗaya ba.

Mataki na 8: kashe shi da hannunka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓi yammacin da ofis ya watse, ka jona kwamfuta a VLAN 10, ka bar `ping -t` yana tafiya zuwa wani adireshi na waje, ba zuwa 10.10.10.1 ba, domin ƙofa na iya amsawa alhali bayanta a toshe yake. Rubuta abin da `arp -a` ya nuna na ƙofar fita.

Fara da zare kebul ɗin sama na SW1. Ƙirga amsoshin da suka ɓata, ka duba ko SW2 ya rubuta saƙon `%HSRP-5-STATECHANGE` mai nuna ya tashi daga Standby zuwa Active. Mayar da kebul, ka ga ko SW1 ya jira wa'adinsa kafin ya karɓa. Sannan kashe na'urar da ke bayan kebul ɗin ka bar fot a kunne, don gwada `track 2`. Daga nan zare wutar SW1 gaba ɗaya daga soket, ka jira mintuna biyu, ka mayar, ka sa ido musamman a lokacin dawowarsa. Idan amsoshi suka ɓata a nan, ƙara adadin `reload`. A kowane zagaye MAC ɗin da ke `arp -a` bai kamata ya canja ba.

Maimaita duka a kan SW2 da kwamfuta a VLAN 20. Rubuta daƙiƙun da kowane gwaji ya ci a takarda, da kwanan wata, ka manna a ƙofar akwatin suwic ɗin, sannan ka sake gwajin duk lokacin da aka ƙara VLAN ko aka canja batirin UPS.